Gwajin tsarin hasashen asarar bashi a wani asusun Maraɗi

Mai ba da bashi yana da tambayoyi biyu, kuma amsar ɗaya ba ta wadatar wa ɗayar. Ta farko, wa zai kasa biya. Ta biyu, in ya kasa, nawa ne daga cikin kuɗin ba zai dawo ba har abada. Wannan ta biyun ita ce kason asara, wanda ma'aikatan banki ke kira LGD tun da yarjejeniyar Basel ta biyu ta 2004 ta sa shi cikin lissafin jarin bankuna. A yankin UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, dokokin Basel da babban bankinsu BCEAO ya fara aiki da su ranar 1 ga Janairu 2018 sun bi hanyar gama-gari, wato ba a dogara da tsarin hasashen da banki ya gina wa kansa wajen ƙayyade jarinsa. Ƙananan asusu masu ba da bashi kuwa jadawali aka ba su: tanadin kashi 40 cikin ɗari ga bashin da ya maƙale daga wata 3 zuwa 6, kashi 80 daga wata 6 zuwa 12, kashi 100 daga nan zuwa wata 24, sannan a share shi daga littafi. Jadawalin yana gamsar da masu sa ido, amma ba ya faɗa wa manaja buhu nawa na aya zai riƙe kafin ya miƙa wa falke sefa miliyan 2. Shi ya sa wasu asusun ke gina nasu tsarin hasashe.

Lamarin da ke ƙasa an gina shi ne a kan irin bashin da ake bayarwa a Maraɗi, alƙaluman cikinsa kuma na misali ne, an zaɓe su don mai karatu ya iya bin lissafin da biro da takarda.

Yadda lamarin yake

Asusun yana ba da bashi iri huɗu: na ƙungiyoyin mata masu lamunin juna, na ajiyar amfanin gona a mangaza da ake kira waranta, na kiwon turka, da na fataken da ke kai aya da wake da riɗi Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. An gina tsarin hasashen da dosiyoyin 2016 zuwa 2018. Yana duban irin bashin, girmansa, darajar jingina a ranar da aka ba da kuɗin, da yawan ajiyar da mai bashin ya bari. Daga 2019 zuwa 2024 dosiye 400 suka maƙale, jimillarsu sefa miliyan 200. Matsakaicin hasashen tsarin a kansu kashi 30 ne.

Gwajin farko, wanda waɗanda suka gina tsarin suka yi da kansu, ya ɗauki dosiye 300 da aka gama binsu aka rufe. An tara abin da aka karɓo, aka cire daga abin da ake bi, matsakaicin asara ya fito kashi 28. Hasashe 30, zahiri 28. Aka rubuta cewa tsarin ya ci jarrabawa, har ma yana da ɗan tsanani. Ba a yi kuskuren tarawa ko rabawa ba a wannan lissafi. Matsalar tana wajen abin da aka kira zahiri.

Kafin a auna tsarin, a auna tiyar

Wanda ke son ya san ko mai awo ya cika masa, sai ya fara duban tiyar da aka auna da ita. Asarar da ake kwatanta hasashe da ita ba lamba ce da ake tararwa rubuce cikin kwamfuta ba, lissafa ta ake yi, kuma a nan ne akasarin gwaji ke lalacewa.

A ɗauki dosiye ɗaya. Falken aya ne, ranar da bashinsa ya cika kwana 90 ba biya ana bin sa miliyan 2. A ranar aka cire ajiyarsa ta jaka 200 (jaka ɗaya sefa dubu ce). Bayan wata 6 aka sayar da ayar da ke mangaza, aka samu jaka 900. Bayan wata 18 ƴan'uwansa suka haɗa jaka 500, aka yi sulhu aka rufe. A littafi an karɓo miliyan 1 da jaka 600, asara kashi 20 ke nan. To amma fitar da ayar ya ci kuɗi: hayar mangaza, ƴan dako, mota, man babur ɗin ma'aikacin da ya yi ta sintiri, da kuɗin takardar kotu. A ce jaka 150. Asara ta koma kashi 27 da rabi. Saura lokaci. Jaka 500 da ta zo bayan shekara ɗaya da rabi ba ta kai jaka 500 ta ranar da bashin ya tsaya ba, domin da tana hannu da an juya ta. Idan kuɗin ruwan bashin kashi 20 ne a shekara, jaka 750 da ta rage daga ayar bayan cire ɗawainiya ana raba ta da 1,095, wato ɗaya da ruwan wata 6, ta zama kimanin jaka 685. Jaka 500 ɗin ana raba ta da 1,315, wato ɗaya da ruwan wata 18, ta zama kimanin jaka 380. Jimilla miliyan 1 da jaka 265. Asarar gaskiya ta kusa kashi 37, kusan ninkin abin da littafi ya nuna.

Wane ruwa za a yi ragin lokaci da shi, abu ne da ake jayayya a kai. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya, IFRS 9, ta ce ruwan bashin kansa. Hukumar bankunan Turai ta ce Euribor na wata 3, wato ruwan da bankunan Turai ke ba juna bashi da shi, a ƙara masa maki 5. Ga asusun da doka ta yarje wa har kashi 24 a shekara tun 2014, bambancin hanyoyin biyu babba ne. Ko wacce aka zaɓa, dole ta zama ɗaya a wajen gina tsarin da wajen gwada shi, in ba haka ba kuskuren da za a gani na ma'auni ne, ba na tsarin ba.

Abu na biyu da aka tarar shi ne bashin da aka rufe da sabon bashi. Mai kiwo ya kasa biya, ma'aikacin da ke tsoron lambarsa ta ɓaci ya buɗe masa sabon dosiye, aka biya tsohon da kuɗin sabon. Kwamfuta ta rubuta an karɓo kashi 100. Bayan wata 5 sabon ma ya maƙale. Ko dala ba ta shigo daga waje ba, amma tsarin ya koyi cewa irin wannan mutumin ba ya jawo asara. A Turai ƙa'idar ita ce wanda ya sake tsayawa cikin wata 9 da warkewarsa ana ɗaukar sa bai taɓa warkewa ba, a haɗe dosiyoyin biyu su zama ɗaya. Ita aka bi a nan. Hanyar gano su mai sauƙi ce: a jera ranakun rufewa da ranakun buɗewa, a nemo mutum ɗaya ko gida ɗaya da aka rufe masa aka buɗe masa a mako guda.

Akwai kuma gyaran da ya tafi ta ɗaya ɓangaren, kuma adalci ne a faɗe shi. Kuɗin da aka karɓo bayan an share bashi daga littafi a wata 24 wani asusun daban yake shiga, ba ya komawa kan dosiyen. Da aka bi rasit aka mayar da su wurinsu, asarar wasu ta ragu. Bayan duk waɗannan gyare-gyare, matsakaicin dosiye 300 ɗin ya tashi daga 28 zuwa 32.

Dosiye ɗarin da aka bari a waje

Mafi girman rami yana nan. An cire dosiye 100 daga gwajin farko da hujjar cewa ba a gama da su ba, don haka ba a san asararsu ba. Hujjar tana da kamar hankali, sai dai waɗanda ake rufewa da wuri su ne masu sauƙi: ƙungiyar da ta biya wa ƴar'uwarta cikin wata 2, manomin da aka sayar da wakensa a watan Afrilu. Wanda ya rage a buɗe shekara biyu shi ne wanda ya ƙetara Najeriya ko Libiya, ko wanda takardar filinsa ke kotu. Gwajin da ya tsaya kan rufaffun dosiyoyi kaɗai kullum yana rage asara, kuma shekarun baya-bayan nan sun fi shan wannan, don su ne ba su samu lokacin rufewa ba.

Maganin shi ne a yi musu ƙiyasi da tarihin asusun kansa. Ga kowane irin bashi a zana jadawalin abin da aka karɓo a tare a wata na 3, na 6, na 12, na 18, na 24, har zuwa na 36. Dosiyen da ya kai wata 14 a buɗe, a ɗauki abin da aka riga aka karɓa daga gare shi, a ƙara masa matsakaicin abin da tsofaffin dosiyoyi suka ƙara bayarwa daga wata 14 zuwa 36. Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne tsofaffin da za a kwatanta da su su zama waɗanda su ma suna buɗe a wata na 14, ba dukkansu ba. Wanda ya wuce wata 36 a ɗauka ba sauran abin da zai zo. Da haka ɗarin nan suka fito da kashi 58. In aka haɗa 300 a kan 32 da 100 a kan 58, matsakaicin dosiye 400 ya zama kashi 38 da rabi, hasashe kuwa yana nan a 30.

Ko tazarar maki 8 da rabi tsautsayi ce? Ana cire hasashe daga zahiri a kowane dosiye, a ɗauki matsakaicin bambancin, a raba shi da warwatsuwarsa bisa tushen adadin dosiyoyin. A ce warwatsuwar, wato nisan da bambancin dosiyoyi ke yi da matsakaicinsu, maki 40 ce. Tushen 400 shi ne 20, 40 a raba da 20 ya ba da 2, 8,5 a raba da 2 ya ba da 4,25. Duk abin da ya wuce 1,645 ana ɗaukar sa shaida cewa tsarin yana rage asara. Wannan gwajin ne Babban Bankin Turai ya sa cikin umarnin tantancewa da ya fitar a 2019. Amma yana ɗauka cewa dosiyoyin ba su da alaƙa da juna, alhali fatake 30 da rufe iyaka ɗaya ya kayar ba shaidu 30 ba ne. Don haka lambar 4,25 ta fi ƙarfin gaskiyarta, a karanta ta da wannan a zuciya.

Matsakaici yana ɓoye masu asara

Da aka raba dosiyoyin gida-gida sai hoton ya canza. Ƙungiyoyin mata, dosiye 200 na kimanin jaka 150 kowanne: hasashe 28, zahiri 24. Waranta, dosiye 80 na kimanin jaka 500: hasashe 20, zahiri 30. Kiwo, dosiye 40 na kimanin jaka 250: hasashe 40, zahiri 55. Fatake, dosiye 80 na kimanin miliyan 1 da rabi: hasashe 40, zahiri 75.

Matan su ne rabin dosiyoyin, amma miliyan 30 kawai suka riƙe daga cikin 200. Fataken kashi ɗaya ne cikin biyar, miliyan 120 na hannunsu. In aka auna da kuɗi ba da kai ba, tsarin ya yi hasashen asarar kimanin miliyan 68, abin da ya tafi kuwa kusan miliyan 115 ne, wato kashi 57 na kuɗin. Giɓin miliyan 46 ne, kuma miliyan 42 daga ciki na fatake ne. Rahoton gwaji da bai kawo matsakaici biyun ba, na kai da na kuɗi, bai cika ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san kasuwar garin. An koyar da tsarin da shekarun da hanya ke buɗe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agusta 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. A Yuni 2023 aka saki naira ta faɗi, falken da ya ba da aya bashi a Dawanau ya karɓi kuɗin da in an mayar da su sefa ba su kai uwar kuɗinsa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyaka, sai a Maris 2024 aka koma zirga-zirga. A irin wannan lokaci abin da ya hana falke biya shi ne kuma ya karya farashin kayan da aka riƙe masa jingina, domin duk masu mangaza sun fito sayarwa lokaci ɗaya, babban mai saye kuma yana bayan shinge. Tsarin yana ɗaukar darajar jingina ta ranar ba da bashi kamar ba ta motsi. Wanda ya ba da takardar fili ma ba a tsira ba: takardar mallaka ta wucin gadi ba ta da ƙarfin cikakkiyar takardar fili a gaban kotu, bin hanyar dokokin kasuwanci na OHADA da Nijar ke bi yana cin watanni, kuma ko an kai ga gwanjo mutanen unguwa ba sa rububin sayen gidan maƙwabci da aka ƙwace.

Waranta ta fi aminci, kwaɗo biyu ne a ƙofa, ɗaya na asusu ɗaya na ƙungiyar manoma, kuma bashin ba ya kai cikakkiyar darajar kayan. Amma lissafinta ya dogara da cewa farashi zai tashi daga kaka zuwa bazara. Shekarar da bai tashi ba, ko aka hana fitar da hatsi waje kamar yadda gwamnati ta yi a Oktoba 2024, tazarar ta tsuke. Waken da ba a sa cikin buhu mai ninki uku ba ƙwari na cinye shi, mangazar da ruwan 2024 ya shiga kuma sai a buɗe a tarar da buhunan ƙasa sun ruɓe. Na kiwo kuwa gajere ne: ragon shi ne jinginar, kuma bashin yakan maƙale ne bayan layya, lokacin da ragon ya riga ya zama nama a gidan wani.

Ga mata abin ya juya. Maraɗi ce mahaifar ƙungiyoyin ajiya da lamuni na Mata Masu Dubara tun 1991, al'adar biyan wa juna ta yi jijiya. Tsarin ya ɗora musu asarar da ta fi tasu, asusun ya ƙara musu ajiyar dole a kan haka. Kuskure ne shi ma, ko da ba ya fitowa a shafin asara.

Wace lamba za a yarda da ita

Masu gina tsarin sun kare kansu da matsakaicin kuskure tsura, wanda ake kira MAE, suna cewa wani sabon salo da suka gwada ya rage shi. A yi hattara da wannan lamba. Asarar bashi ba ta taruwa a tsakiya, ko dai an karɓo kusan duka ko an rasa kusan duka. A ɗauki dosiye 10, 7 ba asara, 3 asara ɗari bisa ɗari. Tsarin da ya ce 30 ga kowa ya faɗi jimilla daidai, amma kuskurensa tsura 42 ne. Tsarin da ya ce sifiri ga kowa kuskurensa 30 ne, ya yi nasara a takarda, alhali asusun da ya bi shi ba zai tanadi ko dala ba. Kuskure mai ninki, wato RMSE, ya ba na farko 45,8, na biyu 54,8, ya zaɓi wanda ya dace. Dalilin shi ne MAE yana ja zuwa ga lambar tsakiyar layi, RMSE kuma zuwa ga matsakaici, tanadin asara kuwa matsakaici yake buƙata. Haka kuma ƙaramin R², lambar da ke nuna kason bambancin asara da tsarin ya iya bayyanawa, ba abin tayar da hankali ba ne a wannan fanni, an saba ganin sa ƙasa da rabi ko a manyan bankuna. Wanda ya kawo 0,9 shi ne abin tuhuma. Sau da yawa za a tarar ya sa wa tsarin bayanin da ba a saninsa sai bayan bashi ya maƙale, kamar ko an kai mutum kotu.

Iya jera dosiyoyi daga mai sauƙi zuwa mai tsanani tambaya ce daban da iya faɗin adadi. Ana jera 400 ɗin bisa hasashe, a raba su gida biyar na 80, a duba ko asarar zahiri tana hawa daga gida zuwa gida. Mai son lamba ɗaya ya yi amfani da ɗaya daga ma'aunan jeri biyu, Spearman ko gAUC; sifiri a Spearman, ko 0,5 a gAUC, na nufin tsarin bai fi jefa ƙwandala ba. A wannan lamari jerin ya tsaya tsakanin nau'o'in bashi, domin tsarin ya san falke ya fi ƙungiyar mata haɗari. A cikin fataken kansu kuwa bai iya bambance kowa ba. Bambancin yana da amfani wajen yanke shawara: tsarin da ke jerawa daidai amma adadinsa ya kauce ana iya daidaita shi, wanda ba ya jerawa kuwa sai an nemo masa sabon bayani.

Kuskure na ƙarshe da aka tarar shi ne yadda aka raba bayanai tun farko. An gauraya dosiyoyin 2016 zuwa 2018, aka ɗebi kashi 70 don koyarwa, 30 don gwaji. Duka ɓangarorin sun ga damina iri ɗaya da farashi iri ɗaya, dole sakamakon ya yi kyau. Gwajin da ke da amfani shi ne na shekarun da tsarin bai gani ba, a kawo shi shekara-shekara bisa ranar da bashin ya tsaya. Basel ta nemi bayanan aƙalla shekara 5 ga ƙananan basussuka, 7 ga na kamfanoni, kuma ta ce kason asara ya dace da lokacin tsanani. Shekara 3 na kwanciyar hankali ba su cika ko ɗaya ba.

Abin da aka yanke

Ba a jefar da tsarin ba. Ga mata da waranta da kiwo an daidaita shi da sabon matsakaicin kowane gida, sai dai dosiye 40 na kiwo kaɗan ne, warwatsuwar matsakaicinsu ta kai maki 6 da ɗoriya, don haka aka ƙara musu rarar kariya maimakon a yarda da 55 kamar an auna ta da sikeli. Ga fatake an dakatar da amfani da shi, aka sa lamba ɗaya ta shekarun rufe iyaka ga kowa, har a gina sabo mai hawa biyu: hawan farko ya faɗi yiwuwar a karɓo kusan duka, na biyu ya faɗi asara ga waɗanda ba a karɓo ba. Za a ƙara masa kason cinikin falke da ke cikin naira, irin takardar filinsa, da farashin kayan jingina na watan da bashin ya tsaya. Daga yanzu kowane rasit na mai, dako da kotu yana ɗauke da lambar dosiyen da aka kashe shi a kai, kuɗin bayan sharewa ma haka. Gwaji na gaba zai kasance a watan Yuni, bayan an buɗe mangazu an sayar, kuma sashen binciken cikin gida ne zai yi shi, ba waɗanda suka gina tsarin ba.